AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ciwon Asma Da Yawan Kwanciya A Asibiti

Tun da hunturu ya kama, jakarmu ta cika da takardu a kan magana guda, wato ciwon nan na toshewar numfashi da ake kira asma, wanda iyayenmu ke ce wa fuka. Maimakon mu tsakuri kowace wasiƙa mu wuce kamar yadda muka saba, a wannan mako mun ware huɗu daga ciki za mu ba su filin gaba ɗaya. Waɗanda ba su ji tasu ba su yi mana haƙuri, amsar ta shafe su su ma.

Ta farko ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Ringim. Ya ce ɗansa mai shekara 9, daga kaka zuwa yanzu sau uku ke nan ana ba shi gado a asibiti. Kowane zuwa sai a sa masa abin numfashi a fuska, a yi masa allura, kwana biyu ko uku a sallame su, bayan 'yan makonni kuma abin ya dawo cikin dare. Ya ce ya sayar da tumaki biyu, har ya fara taɓa hatsin rumbu. Tambayarsa ita ce, shin ciwon nan yana da maganin da ke raba mutum da shi, kuma wane ƙoƙari hukumomin lafiya ke yi don kada mutane su yi ta zaryar asibiti haka?

To Malam, Allah ya ba yaro lafiya, ya mayar maka da gurbin abin da ka kashe. Gaskiyar magana ita ce, har yau ba a sami maganin da ke tumɓuke asma daga jiki ba, ko da yake wasu yara kan sami sauƙi ƙwarai idan sun girma. Duk wanda ya tsaya da lasifika ran kasuwa ya ce maka yana da gari ko tsimi mai kashe ta cikin kwana bakwai, aljihunka yake nema. Amma akwai maganin da ke kwantar da ita, har yaro ya yi shekaru bai ga gadon asibiti ba, yana makarantarsa, yana ƙwallonsa, yana bin ka gona. A kan wannan magani ne duk ƙoƙarin da ka tambaya ya ta'allaƙa.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin ƙirjin yaron. Iskar da muke shaƙa tana bin maƙogwaro ta gangara huhu, a can hanyar ta rarrabu kamar rassan bishiya, manya su haifi ƙanana, ƙanana su haifi waɗanda ba su kai tsinken tsintsiya kauri ba. Mai asma, bangon waɗannan hanyoyi nasa a kumbure yake daga ciki, ko da a ranar da kake ganinsa garau yana dariya. Da zarar ƙura, ko hayaƙi, ko iska mai sanyi, ko mura ta taɓa wurin, sai kumburin ya ƙaru, majina mai kauri ta taru, sa'an nan naman da ke kewaye da hanyar ya tsuke ta. Ku masu noman rani kun san yadda ruwa ke yi idan laka ta taru a cikin tiyo, wani kuma ya zo ya taka shi. Wannan ƙara da kake ji a ƙirjin yaro kamar kukan kyanwa, iska ce ke kutsawa ta ƙuntatacciyar hanya, kuma fitar da ita ya fi masa wuya a kan shigar da ita.

Saboda haka magungunan shaƙa, waɗanda ake kira inhela, iri biyu ne. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, galibi shuɗi, sunan maganin da ke ciki salbutamol, a kemis an fi ce masa Ventolin. Aikinsa shi ne ya saki naman nan da ya tsuke. Cikin 'yan mintuna mutum zai ji ƙirji ya buɗe, bayan kamar awa huɗu kuma ƙarfinsa ya ƙare. Kumburin da ke ciki kuwa bai taɓa shi ba. Na biyu shi ne na rigakafi, mai ɗauke da magani irin su beklometason ko budesonid. Sau da yawa launin ƙasa-ƙasa ne, amma akwai ja da shanshanbale, don haka a riƙa duba suna, kada a dogara da launi. Shi ba a jin aikinsa nan take. Kullum ake shaƙarsa, safe da dare, ana lafiya ko ba a lafiya, sai an yi mako ɗaya ko biyu sa'an nan a fara ganin canji, domin kumburin yake kwantarwa sannu a hankali.

Ku ɗauki misalin soro mai yoyo. Shuɗin nan kwano ne da ake tarawa a tsakar ɗaki idan ruwa ya sauko cikin dare. Ba wanda zai raina kwano a wannan lokaci. Na rigakafin kuwa shi ne yaɓen da ake yi tun da bazara, kafin hadari ya haɗo. Malam, yadda ka bayyana mana a wasiƙarka, kowane zuwa asibiti ana tara muku kwano ne, ruwa ya ɗauke a sallame ku, ku koma gida soro yana nan yadda yake. Ba ka ambaci cewa an ba yaron abin da zai riƙa shaƙa kullum ba, kuma ina kyautata zaton nan gizo ke saƙar.

Yanzu ga batun abin da hukumomi ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, kuma ta yi ajalin mutum 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Ciwon bai fi tsanani a wurinmu ba, ganewa da magani ne suka yi ƙaranci.

Wata ƙasa da ta nuna wa duniya cewa ana iya rage cunkoson masu asma a asibiti ita ce Finlan, can arewacin Turai, ƙasa mai tsananin sanyi da mutanenta ba su fi miliyan biyar da ɗoriya ba. A 1994 suka fito da shiri na shekara goma. Ba sababbin asibitoci suka gina ba, ba kuma wani sabon magani suka ƙirƙiro ba. Abin da suka yi shi ne, a kowane ƙaramin asibiti na gunduma suka ware likita da nas suka ɗora musu alhakin masu asma na wannan yanki, suka horar da su, daga baya suka jawo masu sayar da magani su ma cikin shirin. Darasin da aka yi ta nanata musu guda ne: asma ciwon kumburi ne, a gane ta da wuri, a fara maganin rigakafi tun daga farko, a koya wa mai ciwo yadda zai kula da kansa, ya san lokacin da zai ƙara magani da lokacin da zai nemi likita. A 1993, idan aka tara kwanakin da masu asma suka yi a gadon asibiti a ƙasar, sun kai kimanin 110,000. A 2003 sun dawo kimanin 51,000, wato ƙasa da rabi. Abin lura a nan shi ne, a cikin waɗannan shekaru yawan masu ciwon ƙaruwa ya yi, bai ragu ba. Masu ciwo sun ƙaru, masu kwanciya sun ragu.

Wani zai ce ai waɗannan Turawa ne masu kuɗi. To mu leƙa Barazil, inda talauci da cunkoso ba baƙi ba ne. A birnin Salbador na jihar Bahiya, an buɗe wani shiri a 2003 na masu asma mai tsanani, ana ba su inhelar rigakafi kyauta, ana tara su da iyalansu ana koya musu yadda ake amfani da ita. Cikin shekara uku, yawan masu asma da ake ba gado a birnin ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100. A 2012 kuma gwamnatin ƙasar ta sa wasu magungunan asma, har da beklometason, cikin waɗanda ake karɓa kyauta a shagunan magani masu rajista da shirinta. Lissafin da suka yi, duk ɗan kasuwa zai gane shi: kuɗin inhelar wata da watanni bai kai kuɗin gado da iskar oksijin da allurai na 'yan kwanaki ba.

A 2019 kuma, ƙungiyar masana ta duniya da ke tsara ƙa'idojin maganin asma, wadda ake kira GINA, ta daina ba da shawarar a riƙa ba manya da matasa shuɗiyar inhela ita kaɗai, ko da ciwon nasu bai yi tsanani ba. Yanzu akwai inhela mai haɗa magani biyu, budesonid da formoterol, wadda ke buɗe ƙirji kuma tana kwantar da kumburi a shaƙa ɗaya.

Mu fa a nan gida? Waɗannan magunguna suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda ake so a samu a kowane asibiti. Amma ku da kuke karkara kun fi ni sanin abin da ake tararwa a kantar ɗakin shan magani. Ga kuma tsada. A watan Agusta na 2023 kamfanin GSK, mai Ventolin da Seretide, ya ba da sanarwar daina sayar da kayansa kai tsaye a Nijeriya, darajar naira kuma ta faɗi, sai farashin inhela ya ninka ba sau ɗaya ba. A ganina, da ƙananan hukumomi za su koya wa malamin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa aikin asma, su ajiye masa inhelar rigakafi a farashi mai sauƙi, da an rage motocin da ke gudu da yara zuwa babban asibiti da tsakar dare. Ku da kuke da bakin magana wurin kansila da kwamitin lafiya na gari, wannan abin tambaya ne. Kafin nan, ku sani salbutamol da beklometason ba kamfani ɗaya ke yin su ba. Ku tambayi mai kemis na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, muddin yana da lambar hukumar NAFDAC a jiki.

Don haka Malam, kada ka jira ciwon ya sake tashi. Ka zaɓi ranar da yaron yake lafiya lau ka kai shi babban asibiti, ka gaya wa likita sau nawa aka ba shi gado, dare nawa a mako tari ke tashinsa. Ka tambaye shi kai tsaye: likita, yaron nan ba ya bukatar inhelar rigakafi? Idan an rubuta, kada ka fita sai an gwada maka yadda ake shaƙa, yaron ya yi a gabansu sun gani. Ka roƙa a rubuta maka a takarda, da Hausa in da hali, abin da za ka ba shi kullum da abin da za ka yi in ya fara shesshekar numfashi, a kuma sa muku ranar dawowa. Inhela mai feshi 200, idan an ce biyu da safe biyu da dare, kwana 50 za ta yi. In ɗaya-ɗaya ne, kwana 100. Ka auna kuɗinta da kuɗin tumakinka biyu. Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne, da yaro ya yi wata guda garau sai a ce ya warke a ajiye magani. Kada ka ajiye. Likita ne zai rage, galibi bayan wata uku ana lafiya. Kuma duk bayan shaƙar na rigakafi yaro ya kurkure baki ya zubar.

Wasiƙa ta biyu daga Maraɗi ta zo, daga wata baiwar Allah mai sayar da atamfa. Ita ce da kanta mai ciwon. Ta ce likita ya rubuta mata inhela, amma uwar mijinta ta hana, wai wanda ya fara ba ya bari har abada, kuma sai ciwo ya kai gargara ake ba mutum. Don haka ƙwayoyi take saya tana sha, in ta sha kuma sai hannunta ya riƙa rawa, zuciya tana bugawa. Ta ƙara da cewa tana da juna biyu.

Hajiya, ki gaishe mana da Inna, ki ce muna ba ta haƙuri, ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, kuma ba ita kaɗai ke da wannan fahimta ba. Amma lissafin ba haka yake ba. Ƙwayar salbutamol guda mai miligiram 4, maganin da ke cikinta daidai yake da feshi 40 na inhela. Ƙwaya sai ta shiga ciki, ta bi jini, ta zaga zuciya da hannu da ƙafa kafin ɗan abin da ya rage ya isa huhu, shi ya sa kike jin rawar jiki. Inhela kuwa ɗan kaɗan ne, kuma kai tsaye take zuwa inda ciwon yake. Ita ce mai sauƙin, ƙwayar ce mai nauyin. Ba ta kama jiki kamar taba ko goro. Wanda kika ga kullum da shuɗiyar inhela a hannu, ba sabo ba ne ya kama shi, ciwonsa ne ba a kwantar ba. Masana sun ce wanda ke bukatar shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko yake ƙarar da uku ko fiye a shekara, alama ce yana cikin haɗarin tashin ciwo mai tsanani, ya nemi na rigakafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne ƙwayoyin da ba ki faɗi sunansu ba. In akwai firednisolon ko deksametason a ciki, irin waɗanda wasu mata ke sha don ƙiba, ki kai su asibiti a gani. Likita kan ba da su na kwana biyar zuwa bakwai idan ciwo ya tashi, kuma suna ceton rai. Amma shan su wata da watanni yana kumbura fuska, yana jawo ciwon sukari da hawan jini, yana cinye ƙashi. In kin daɗe kina sha kada ki yanke rana ɗaya, likita ne zai rage miki a hankali. Game da cikin da kike ɗauke da shi, inhela ba ta cutar da ɗan tayi. Abin da ke cutar da shi shi ne uwa ta rasa numfashi, domin da iskarki yake rayuwa. Ki gaya wa masu awo kina da asma. Masu tambaya a kan azumi kuma, hukuncin shaƙa da rana na malamai ne, ku tambaye su. Ta ɓangaren likita dai, na rigakafi sau biyu ne a yini, ana iya yin ɗaya da sahur ɗaya bayan shan ruwa.

Akwai wata dabara da nake so kowane gida mai asma ya sani, domin mutane da yawa suna fesa inhela maganin ya tsaya a harshe da maƙogwaro, su ce ba ta aiki. Akan sayar da wani ɗan bututu da ake sa wa tsakanin inhela da baki, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. A 1999 likitocin yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu suka gwada gorar roba ta lemo mai rabin lita, suka tarar tana aiki kamar na kanti. A wanke gorar da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikin. A huda gindinta daidai girman bakin inhela, yadda zai shiga ya matse ba iska mai fita. A girgiza inhela, a cusa ta a hujin, mai ciwo ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi ya saki a cikin gorar sau biyar, sa'an nan a sake girgizawa a yi na biyu. Feshi ɗaya-ɗaya, ba a tara su. Jariri da ƙaramin yaro da ba zai iya kama bakin gora ba, sai an haɗa masa da abin rufe hanci da baki, wannan a nemi malamin asibiti.

Na uku mai injin niƙa ne a kasuwar Dawanau. Ya ce shi bai taɓa asma yana yaro ba, sai da ya shekara shida a wannan sana'a, kuma ya lura in ya tafi gida hutun salla ƙirjinsa sakayau, ya dawo kwana biyu abin ya dawo. Malam, ka riga ka gano abinka da kanka. Ƙurar gari da ta hatsi suna cikin sanannun abubuwan da ke jawo asma ta wurin sana'a, haka ƙurar auduga, da ta katako, da fenti na feshi. Ba zan ce ka bar abin da kake ci da iyali ba, amma in da hali ka koma wajen awo da karɓar kuɗi, wani ya tsaya bakin injin, domin irin wannan asma, gwargwadon daɗewa cikin ƙurar gwargwadon kafuwarta. A buɗe wa shagon tagogi ta fuska biyu, a yayyafa ruwa kafin shara, ka nemi takunkumi mai kauri irin na ma'aikatan asibiti da aka sani lokacin korona. Ƙyallen rawani yana tare tsakuwa ne kawai, ƙurar da ke shiga huhu ta fi ƙarfinsa. Ka kuma gaya wa likita wannan labari na hutun salla kamar yadda ka gaya mana.

Manoma ma haka. Lokacin sussuka da shiƙa, mai asma ya tsaya ta inda iska ke fitowa, kada ƙaiƙayi ya bi ta kansa, kuma ba shi ne zai shiga tsohon rumbu ya share ba. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, ba mai iya tare ta, sai dai a rufe hanci da safe, a kuma tabbata inhela ba ta ƙare ba tun daga watan Nuwamba. Abin da ke hannunmu shi ne hayaƙin cikin gida: murhu a ɗakin kwana, kaskon gawayi da ake shiga da shi don jin ɗumi a rufe ƙofa, maganin sauro mai hayaƙi, janareta a bakin taga, da turaren wuta. Iyayenmu mata ku yi mini afuwa, na san darajar turare a ɗaki, amma ɗakin da yaro mai asma ke kwana, gidan sauro ya fi masa maganin sauro, iska kuma ta fi masa ƙamshi.

Taba kuwa ba sai an faɗa ba. A 2006 yankin Sikotlan na Birtaniya ya hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da ke rufe, bayan haka yawan yaran da ake ba gado saboda asma ya riƙa raguwa da kimanin kashi 18 cikin 100 a kowace shekara. Nijeriya ma tana da dokar taƙaita shan taba tun 2015, amma doka ba ta shiga zaure, sai maigida ya ga dama. Sa'an nan a kiyayi hayaƙin ganyen zaƙami da wasu ke ba masu fuka su zuƙa; yana iya ɗan buɗe ƙirji, amma guba ne mai juyar da hankali, har ya yi kisa. Wasu masu asma kuma asfirin, da ibufurofen, da diklofenak na ciwon jiki suna tayar musu da ita. Wanda ya taɓa ganin haka a jikinsa ya tsaya a farasitamol, ya riƙa faɗa wa duk mai ba shi magani.

Ta ƙarshe daga Funtuwa, wata uwa ce ke kuka cewa a gidansu an ware wa 'yarta kofi da kwano, an hana yara kwana kusa da ita, wai tana da fuka. 'Yar'uwa, sunan ne ya haɗa abu biyu da ba su da dangantaka. Tarin fuka, wanda ake kira tibi, ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa ta iska, kuma alamunsa tari na mako biyu ko fiye, da rama, da zazzaɓi, da gumin dare, wani lokaci da jini a majina. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana sha wata shida a warke. Asma kuwa ba a ɗaukarta, ko da kofi ɗaya ake sha, ko tabarma ɗaya ake kwana. Takan bi dangi dai, kamar yadda haske ko tsawo ke bin dangi. Ki kai yarinyar a gwada, in aka ce asma ce, ki kawo takardar ki nuna wa maigida ya tara mutanen gida ya gaya musu. Lokacin da nake koyarwa a firamare na ga yaran da iyaye suka hana wasa da motsa jiki saboda asma, suka tashi a takure ba gaira ba dalili. Masu son ƙwallo sun san David Beckham na Ingila. Da asma ya taso tun yana yaro, ya kuma yi wa ƙasarsa kyaftin. Tsofaffi kuma da numfashi ya fara yi wa wuya da girma, musamman in ƙafa na kumbura, ko iyaye mata da suka shekara talatin a bakin murhu, kada a yanke cewa asma ce a sayo inhela, yana iya zama zuciya ko wani ciwon huhu dabam, sai an auna.

Saura abu ɗaya da ya shafi duka huɗun. Duk wannan bayani na rage zuwa asibiti ne, ba na ƙin zuwa ba. Idan ciwo ya tashi, a zaunar da mutum a miƙe, kada a kwantar da shi, a sassauta masa riga, jama'a su ba shi iska. A ba shi shuɗiyar inhela ta cikin gora, feshi ɗaya bayan kowane rabin minti zuwa minti ɗaya, har zuwa goma in bai sami sauƙi ba. In an yi goma bai sassauta ba, ko ya kasa haɗa magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi, ko yaro ya kasa shan nono, haƙarƙarinsa da ƙasan wuyansa suna lotsawa, a nemi abin hawa nan take, kada a jira asuba. Wanda ya yi laushi yana gyangyaɗi, ƙarar ƙirjin kuma ta ɗauke alhali yana fama, kada a ce sauƙi ne ya samu. Iska ce ta kusa daina wucewa. A tafi da inhela da gorar a hannu, a ci gaba da ba shi a kan hanya bayan kowane minti goma zuwa ashirin har a isa. Ko da ya warware a gida bayan feshi goma ɗin, a kai shi asibiti a wannan rana.

Wasiƙun da suka zo mana a kan ciwon ido na hunturu da tsagewar ƙafa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.